Ku Tambayi Bakanike: Injin mai juyi 8,000 zai jure zafin Garwa?

Wasiƙun wannan makon kusan duk a wuri guda suka haɗu, wato injinan fetur masu saurin juyi da ake sa wa motocin gudu. Na zaɓo huɗu. Masu tambaya kan na'urar sanyaya mota su ƙara haƙuri, makon gobe nasu ne in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina zaune a Yelwa cikin Garwa. Wani dillali ya kawo mini Corolla ƙirar Turai da ta shigo ta Duwala, an rubuta T Sport a bayanta, giya shida ta hannu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne agogon juyinta, jan layin sai wajen 8 yake farawa, alhali na tsohuwar motata a 6 da ɗoriya yake. Dillali ya ce injin tsere ne. Yaron shagona kuma ya ce irin wannan ba ya ƙarko, wai duk abin da ke gudu haka cin kansa yake yi. Ina yawan zuwa Marwa da Ngaundare da kaya a but, wani lokaci kuma man bakin hanya nake sha. In saya ko in bari?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Dillalinka bai yi ƙarya ba, ya dai faɗi rabin da zai sayar masa da mota. Yaronka ma ya yi tunani, amma ba nan gizo ke saƙar ba.

Injin da ke cikin motar nan 2ZZ-GE ne. Toyota ta ƙera shi da hannun Yamaha a ciki, ya fara fita a 1999 cikin Celica, daga baya aka sa shi a Corolla T Sport ta Turai, da Matrix XRS da Corolla XRS da Pontiac Vibe GT na Amurka. Silinda huɗu ne, cc 1,796. Na Corolla 1.8 da ta cika gari, wato 1ZZ-FE, cc 1,794 ne. Girma ɗaya ke nan, hali ne ya bambanta. A 1ZZ faɗin ramin silinda milimita 79 ne, fistan kuma yana hawa da saukar milimita 91.5. A 2ZZ an faɗaɗa ramin zuwa 82, aka rage tafiyar fistan zuwa 85. Fistan da tafiyarsa ta gajarta yana iya kai-komo da sauri bai galabaita ba, rami mai faɗi kuma yana ba da wurin manyan bawul, injin ya sha iska ya ƙoshi. Matsinsa, wato yadda fistan ke matse iska da fetur kafin a kunna wuta, 11.5 ne, na 1ZZ kuwa 10. Da haka ƙirar Turai take ba da ƙarfin doki 192 a juyi 7,800 cikin minti ɗaya, alhali 1ZZ bai wuce 145 ba ko a motar da ya fi ƙarfi a cikinta.

Ga rabin da dillali ya haɗiye. Abin da kake ji a bayanka in ka taka totur daga tsaye ba ƙarfin doki ba ne, ƙarfin ja ne. Na 2ZZ ya tsaya a Nm 180, kuma sai allura ta kai 6,800 yake cika. Na 1ZZ wajen 170 ne, amma tun a 4,200 ya riga ya ba ka shi. To daga Yelwa zuwa babbar kasuwa, inda allura ke yawo tsakanin 2,000 da 3,000, kana kauce wa babura da masu tura amalanke, ba za ka ji wani bambanci ba. In ka loda buhuna ma, mai yiwuwa ka ce tsohuwar ta fi kuzari. Dawakan nan 192 duk a sama suke zaune, sai ka hau ka same su.

Yadda ake hawan shi ne daɗin injin. A kan kamshaf ɗinsa an yi wa kowace silinda doro biyu, ƙarami da babba. Muddin allura tana ƙasa da 6,000, ƙaramin doro ke danna bawul, babban yana juyawa a banza. Da ta ɗan haura 6,000, sai ƙwaƙwalwar mota ta buɗe wata hanyar bakin mai, man ya tura wata 'yar sakata ta kulle, babban doro ya karɓi aiki. Bawul ɗin shan iska da ke buɗewa milimita 7 da ɗoriya sai ya koma buɗe 11 da ɗoriya. Nan take muryar injin ta sauya, motar ta zabura, ba za ta sassauta ba sai an wuce 8,000. Toyota ta sa wa wannan tsari suna VVTL-i, kuma a rubuce yake a kan murfin injin. Na gama-gari VVT-i ne, babu L. Ka sa a buɗe bonet ka karanta da idonka, ka kuma ƙwanƙwasa bututun da ke raba iska zuwa silinda: na 2ZZ alminiyam ne, na 1ZZ na wannan zamanin roba ne. Rubutun bayan but kowa na iya liƙawa, kuma motar da ta haura shekara 20 ba mamaki an taɓa sauya mata inji.

Yanzu batun ƙarko. Gaskiya ne wahalar da fistan da kwanrod, sandar da ke riƙe da shi, ke sha ba daidai da juyi take ƙaruwa ba, ninkawa take yi. In ka tashi daga 4,000 zuwa 8,000, juyi ya ninka biyu amma fizgar da ke kansu ta ninka huɗu. Sai dai waɗanda suka ƙera shi sun san da wannan lissafin kafin su ja jan layin a inda suka ja shi. Kamfanin Lotus na Ingila, da ya yi suna wajen ƙera motar gudu, wannan injin ya zaɓa wa motarsa Elise daga 2004, da kuma Exige. A Turai da Amurka ba abin mamaki ba ne ka ga wanda ya haura kilomita 250,000 ba a taɓa buɗe cikinsa ba. Ni duk 2ZZ ɗin da aka turo mini a mace, ban ga wanda juyi kaɗai ya kashe ba. Abin da aka ɗura masa ne, ko hannun da ya riƙe shi.

Komai nasa a kan bakin mai ya rataya. Sakatar nan mai ke tura ta. Metal ɗin karanshaf a kan siririn mai yake yawo. A juyi 8,000 famfo yana kwashe man daga kasko yana watsa shi sama da sauri ƙwarai, kuma kaskon ba shi da shingayen da za su hana mai gudu gefe guda. In man ya yi ƙasa, ka shiga doguwar kwana a guje, irin kwanonin Falez, hawan dutsen nan da ke tsakanin Mbe da Ngaundare, sai ya taru a gefe, famfo ya zuƙi iska. Daƙiƙa kaɗan sun isa metal ya narke. Don haka mai wannan mota yana zaro sandar awon mai duk sa'ad da ya tsaya shan fetur, ba sai fitila ta kama ba. Toyota ta rubuta masa 5W-30. Saboda zafin nan namu ni na yarda da 5W-40 mai kyau na cikin galan a rufe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne 20W-50 da wasunmu ke ɗura wa kowace mota wai don rana, balle na durom da ake aunawa da gwangwani. Kuma a ƙurarmu ba na barin mai ya wuce kilomita 5,000.

An taɓa kawo mana wata Celica, mai ita ya ce ta daina zabura, allura tana wuce 6,000 salin-alin. Da muka ɗaga murfin kai, sai ga tsohon mai ya daskare a lunguna ya zama kwalta. A gefen kan injin, kusa da bawul ɗin da ke buɗe hanyar man, akwai wata 'yar rariya da ba ta fi kan ƙaramin yatsa ba. Na zaro ta na ɗaga wa rana, ko ɗigon haske bai ratsa ba. Sai da ta jiƙa a fetur aka goge da tsohon buroshi kafin ramukanta suka bayyana. Sannan muka koma kan notuna biyu da ke riƙe sandunan da hannayen bawul ke lilo a kansu. Yaro ya sa sifana a na farko, ya fito lafiya amma ya cinye a gefe. Na biyu kansa kawai ya biyo sifana, gindin ya zauna a ciki. In notin nan ya karye, sandar tana ɗan juyawa, ramin mai ya kauce, sakata ba ta samun abin tura ta. Sanannen ciwo ne a injinan farko, na 2000 zuwa 2002, har Toyota ta sauya ƙirar notin ta yi masa tsini. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ciro guntun da ya maƙale shi ne aikin, shi ya sa ake sauya su tun suna da rai.

Sai fetur, kuma a nan ne wasiƙarka ta sa na yi jim. Injin mai matsi 11.5 fetur mai oktan 95 zuwa sama aka rubuta masa. In oktan ya gaza, man ba ya jiran wutar filogi ta gama cinye shi a tsanake, sai wani sashe ya fashe da kansa ya daki kan fistan. Za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman a hawa da kaya. Akwai na'ura a jikin injin da ke sauraron wannan ƙarar, in ta ji sai ƙwaƙwalwa ta jinkirta wuta. Hakan yana ceton fistan, amma ƙarfi yana raguwa, zafi yana ƙaruwa, kuma jinkirin yana da iyaka. Ka haɗa da watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, na'urar sanyi a kunne, but cike, kana hawan Falez. Tsumman da mai zuwa-zuwa, wato mai sayar da man kwalba a bakin hanya, ke shimfiɗawa a bakin mazurari yana tare yashi da ɓawon tsatsa, ban musa ba. Ba ya tare ruwa, ba ya tare kananzir in an gauraya, kuma ba ya ƙara oktan ko ɗaya. Na san tun da litar gidan mai ta kai sefa 840 a Fabrairun 2024 kowa lissafi yake yi, duk da cewa man kwalba ma ya daina arahar da, tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023. Amma 1ZZ yana yafe abin da 2ZZ ba ya yafewa. In dole ta sa ka sha na kwalba a hanya, to ranar ka manta da jan layi, in ka ji ƙarar nan ka sassauta ƙafa ka sauko da giya.

Ƙura ma tana da nata. Bangon silindar 1ZZ silib ne na baƙin ƙarfe. Na 2ZZ alminiyam ne da aka cuɗa da zaren tangaran tun wajen zubi. Yana da tauri, yana fitar da zafi da kyau, amma in yashi ya kankare shi ba a kai shi wurin mai gyaran rami a faɗaɗa a sa fistan na gaba yadda muka saba. Sai dai wani bulok. Saboda haka matatar iska ta asali, a sauya ta in ta toshe, ba a yi ta hura mata iskar faci har ta yage ba. Buɗaɗɗiyar matatar nan da samari ke sawa don injin ya yi gurnani, a lokacin hunturu hanya ce kawai aka buɗe wa ƙura.

Abu na ƙarshe ba na gareji ba ne, na hannun direba ne. Ramukan giya shidan nan a matse suke. Mutum yana cikin ta uku allura a sama, ya nufi ta huɗu, hannu ya zame ya faɗa ta biyu. Ƙwaƙwalwar mota tana iya yanke fetur in ka cika taka totur, amma ba ta da ikon hana tayoyi juya injin. Sai ya wuce 10,000 ba shiri, haƙoran famfon mai su tarwatse ko bawul ya gamu da fistan. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Wannan ba motar da za a miƙa wa yaron shago makulli ya je ya dawo ba ce.

In shawarata za ka bi, Alhaji, mai zirga-zirgar kasuwa da kaya, mai shan mai inda ya samu, 1ZZ ne nasa. Kayansa suna ko'ina daga Garwa har Mubi da Yola, kowane bakanike ya san cikinsa. Fistan da ringi da gasket ɗin kai na 2ZZ dabam suke, sai an yi oda an jira. (Kada in yi son kai, 1ZZ na shekarun farko ma yana da halin shan bakin mai ta ringi, shi ma a duba.) In kuwa ranka ya riga ya biya, kada ka biya kuɗi sai an tada ta a gabanka da safe tana sanyi ka saurara, an buɗe marfin mai ka leƙa, an auna matsin kowace silinda. Sannan a bari ta yi zafi, a fita da ita bayan gari inda hanya ta miƙe ba jama'a, a ja giya ta biyu har allura ta wuce 6,500. In ba ta zabura ba, ko wanda ke biye da ku ya ga shuɗin hayaƙi, to farashi ya sauya ko ciniki ya mutu.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ɗalibi ne ni a Injamena. Mun yi musu a majalisa kan Honda S2000. Na ce injinta mai lita 2 ya kai ƙarfin V8 na Land Cruiser, abokaina suka yi ta yi mini dariya. Da gaske tana kai juyi 9,000? Kuma in Allah ya hore mini, zan iya riƙe ta a nan?

AMSA: Ɗana, koma majalisa ka karɓi shayinka, kai ka ci musu, amma da sharaɗi.

Honda ta fitar da S2000 a 1999 don bikin cikarta shekara 50, ƙarƙashin injiniya Shigeru Uehara, wanda ya jagoranci aikin motar gudun nan ta Honda, NSX. Injinta F20C ne, silinda huɗu, cc 1,997, faɗin rami milimita 87, tafiyar fistan 84. Ƙirar Turai doki 240 take bayarwa a juyi 8,300, ta Japan mai matsi 11.7 kuma 250. Juyinta yana kai 9,000, ba ƙari a ciki. Land Cruiser 100 mai V8 na fetur, lita 4.7, doki wajen 235 ne. Ka ga ta nan ka yi gaskiya. Sharaɗin shi ne ƙarfin ja: na V8 ya haura Nm 420 tun allura ba ta kai 4,000 ba, na S2000 ƙirar Turai 208 ne a 7,500. Ƙarfin doki ba komai ba ne illa ƙarfin ja a ninka shi da juyi. Babban inji yana samunsa ta naushi mai nauyi, ƙarami ta yawan naushi. Shi ya sa ɗaya ke fizge kansa daga yashi da mutum bakwai a ciki, ɗayan kuma ke tashi da mutum biyu a kan kwalta.

Juyi 9,000 shi kaɗai ba abin mamaki ba ne, baburan da ke yawo a gari ma suna kusantarsa. Amma fistan ɗin babur irin CG125 tafiyar milimita 49.5 kawai yake yi, wato a juyi 9,000 gudunsa bai kai mita 15 a daƙiƙa ba. Na F20C a wannan juyin yana hawa da sauka sau 150 a daƙiƙa ɗaya, kowace tafiya milimita 84. Buga lissafin, za ka samu mita 25 a daƙiƙa, gudun da aka saba gani a injinan filin tsere, ba a motar da aka sayar wa jama'a da garanti ba. Don ya jure, fistan ɗinsa bugagge ne ba zubi ba, bangon silinda an ƙarfafa shi da zare, hannayen bawul suna da 'yan tayoyi don rage gogayya, kuma sarƙa ke juya kamshaf ba bel ba. Shi ma yana da doro iri biyu, ƙarami da babba, tsarin da Honda ke kira VTEC, wanda ta fara sawa a mota a 1989 cikin Integra, yana kuma kamawa wajen juyi 6,000. Doki 120 zuwa 125 a kowace lita, ba turbo, babu motar kasuwa mai injin fistan da ta wuce shi a wannan sai da Ferrari 458 ta fito a 2009.

Wajen ƙarko yana da suna mai kyau, kuma ya cancanta. Laifuffukansa sanannu ne. Abin da ke ɗaure sarƙar tayimin yana sanyi da tsufa, ka ji kacau-kacau a gaban injin. Na shekarun farko suna shan bakin mai, musamman in ana yawan zama a sama, kuma kaskon lita 4.8 ne kawai. Faifan da ke riƙe sifirin ɗin bawul yana tsagewa in an taɓa kuskuren giya irin wanda na faɗa wa Alhaji a sama, kuma tsagar ba ta nuna kanta, sai ranar da bawul ya faɗa cikin silinda. Ratar bawul ɗinsa da hannu ake daidaitawa, ba ta gyara kanta. Honda da kanta ta ɗan ja da baya a 2004 a kasuwar Amurka, ta tsawaita tafiyar fistan zuwa 90.7, injin ya zama cc 2,157, jan layi ya sauko 8,000, don a samu ƙarfin ja a ƙasa. Turai ta ci gaba da F20C har aka rufe ƙirar a 2009, bayan an yi sama da 110,000.

Riƙe ta a Injamena kuwa, injin ba shi ne zai fara ba ka ciwon kai ba. Cikinta da ƙasa tazarar santimita 13 ce ko kusa da haka. Tuna layin gidanku a watan Agusta. Rufinta tamfol ne, ga ranar Afrilu. Kujera biyu ce, ba wurin ɗauko Inna daga kasuwa da kayanta. Ga fetur mai oktan 95 zuwa sama, ga kayan gyara da sai daga waje, kuma yanzu masu tara motoci sun sa mata ido, kuɗinta hawa yake yi ba sauka ba. Gama karatun tukuna.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Malamar makaranta ce ni a Domayo, Marwa. Ƙanena ya kawo mini Pontiac Vibe daga Najeriya, ashe GT ce mai giya shida. Ta taɓa yin zafi, bakanike ya cire tamostat ya haɗa fanka kai tsaye, ya ce ƙasar sanyi aka yi wa abin. Tun daga nan shan manta ya ƙaru, ƙanena kuma ya ce da safe ba ta zabura yadda ta saba. Ya yi daidai kuwa?

AMSA: Lafiya lau Malama, Allah ya ba da ladan koyarwa. Bai yi daidai ba, duk da na san abin ya zama al'ada a garejinmu.

Tamostat ba don ƙasar sanyi kaɗai aka yi shi ba. Aikinsa ya riƙe ruwa a cikin injin har ya kai wajen digiri 82, sannan ya sake shi zuwa lagireto. In aka cire shi, ga fanka tana juyi tun daga tada mota, injin yana daɗewa bai yi ɗumi ba, da safiyar hunturu a buɗaɗɗiyar hanya ma ba zai kai ba sam. Ƙwaƙwalwar mota tana ganin har yanzu a sanyi yake, sai ta ci gaba da ƙara masa fetur. Shan man ke nan. Rarar fetur ɗin kuma tana wanke mai daga bangon silinda ta gangara kasko ta tsinka bakin mai. Rashin zaburar ma daga nan ne, domin a injin 2ZZ ƙwaƙwalwa ba ta yarda babban doro ya kama sai ruwa ya kai digiri 60. Da gangan aka yi haka, don kada a kai injin sama man bai saki jiki ba. Ki gaya wa ƙanenki ya daina gwada ta da sassafe.

A mayar da tamostat sabo, a mayar da fanka kan na'urarta, sannan a nemi ainihin abin da ya sa ta yi zafi. Yawanci lagireto ne ya toshe da ƙura ta waje ko gishiri ta ciki, ko marfinsa ya daina riƙe matsi, ko famfon ruwa ya gaji. A daina zuba mata ruwan rijiya, yana cin alminiyam, a sa ruwan sanyaya inji na galan. Tunda ta taɓa yin zafi, a duba ko ruwa yana raguwa ba tare da yoyo ba, ko yana tafasowa da kumfa a bakin lagireto, don a san lafiyar gasket.

TAMBAYA: Maigida, daga Kuseri. An yi mini tayin Mazda RX-8 da araha ƙwarai, jikinta tas, ita ma jan layinta 9,000. Mai ita ya ce in ta yi zafi tana ɗan wuyar tashi, batir ne kawai.

AMSA: Ƙanena, da wuya batir ne. RX-8, wadda Mazda ta yi daga 2003 zuwa 2012, ba ta da fistan ko ɗaya. Wasu ƙarafa biyu masu kusurwa uku ke juyawa a cikin gidansu, cc 1,308, ƙirar Turai mai giya shida tana ba da doki 231 a juyi 8,200. A kowace kusurwa akwai siririn ƙarfe da ke yin aikin ringi. In suka cinye, matsi yana zubewa, kuma alamar farko ita ce wannan da mai motar ya faɗa da bakinsa: a sanyi ta tashi, in ta yi zafi ta yi ta gurnani ba ta kama ba. Raunin batir ko sitata ko kwayil yana ƙara tsananta abin, amma da wuya ya zama shi kaɗai ne.

Ko lafiyayya ce, da gangan take ƙona bakin mai, akwai famfon da ke ɗiga shi cikin injin, sai kana ƙarawa. In ka tada ta ka kashe tun ba ta yi ɗumi ba, fetur yana iya jiƙa filogi ta ƙi tashi. Shan fetur ɗinta ya fi na motoci da yawa masu silinda shida. Ma'aunin matsin da muke da shi a gareji ba ya karanta ta daidai, tana da nata na musamman da ke auna kowace fuska dabam. Kafin maganar kuɗi, ka fara zagaya Kuseri, ka haye gadar Ngeli ka zagaya Injamena, ka nemo wanda ya taɓa buɗe irin injin ya mayar ya tashi, ka kuma tambaye shi inda ya samo kayan. In ba ka same shi ba, ka bar wa mai ita abarsa.